Yadda Ake Karanta Bayanan Inji Kai-tsaye da Na'urar Gwajin Mota

A garejojinmu, idan aka ce "a sa mata kwamfuta", aikin yawanci ba ya wuce minti biyar. Mai na'ura zai tsuguna ƙarƙashin sitiyari, ya soka waya, ya karanto wata lamba irin P0171, ya goge ta, fitilar cek injin ta mutu, a sallame shi. Kwana biyu ko uku fitilar ta dawo. Haka Corolla ɗin wani yayana ta yi ta wahalar da shi. An canza fulogi, an canza sensar salansa har sau biyu, saura ƙiris a sauke tanki a taɓa famfon mai. Da ya kawo min ita sai ya ce, "Kai dai goge min fitilar nan, na gaji da ganinta." Na ce, "Yaya, ba ni minti goma tukuna." Na shiga wani shafi a cikin na'urar, wanda ake rubuta wa Live Data ko Data Stream, inda inji ke faɗar abin da yake ji a daidai lokacin da yake aiki. A nan motar ta tona kanta.

Lambar matsala kamar mara lafiya ne ya ce cikinsa ke ciwo. Ya faɗi gaskiya, amma likita ba ya yanka shi a kan wannan maganar. Sai ya auna zafin jiki, ya auna jini. Shafin bayanan kai-tsaye shi ne wannan awon.

Kayan aiki

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Tunda yawancin motocin Beljiyam da ke hannunmu daga can suka fito, da wuya ka rasa shi. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, saitin gwiwar direba. A wasu motocin yana bayan ɗan murfi. Mai tsohuwar Fijo 504 ta kafireto kuwa, har yanzu kunnen makanike ne na'urarsa.

Ba dole sai babbar na'ura irin ta Launch ko Autel ba. 'Yar ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tare da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, za ta nuna maka kusan duk abin da zan ambata a nan. Babbar ta fi ta ne wajen shiga giya da birki da bayanan da kowane kamfani ya keɓe wa motarsa. Idan ƙaramar ce da kai, ka riƙa cire ta in ka gama, domin soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, kuma na'urar za ta yi ta tsotsar batir idan motar ta daɗe a ajiye.

Shiga saitin na'urar ka mayar da zafi zuwa digirin Celsius, iska zuwa g/s, matsin iska zuwa kPa. Na taɓa ganin wani yaron gareji ya zabura yana kiran "Oga, ta tafasa!" don ya ga 194 a allo. Ma'aunin Fahrenheit ne, wato digiri 90 kacal a namu.

Kada kuma ka zaɓi layi talatin a lokaci guda. Motocin da suka girmi 2008 da yawa a hankali suke magana da na'ura, kuma duk layin da ka ƙara yana rage saurin sauran. Huɗu zuwa shida sun isa. Idan na'urar tana iya zana lambobin a matsayin layi mai hawa da sauka, yi amfani da shi, ido ya fi kama zane a kan lambar da ke tsalle.

Mataki na farko: kada ka goge komai

Karanta lambobin matsala ka rubuta su. Sannan ka buɗe Freeze Frame. Wannan hoto ne da ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira biren bokis, ta ɗauka a daidai daƙiƙar da ta kama laifin: gudun inji nawa ne, zafin ruwa nawa, motar tana tsaye ko tana gudu. Idan hoton ya nuna gudun mota sifili, inji na juyi 700, to a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, za ka nemi ciwon. Idan ya nuna kilomita 100 a awa, tsayuwa a gareji kana taka totur ba zai fito da shi ba, sai an hau titi. Ɗauki hoton allon da wayarka. Da zarar ka danna gogewa, wannan shaidar ta tafi.

Mataki na biyu: makulli a buɗe, inji a kashe

Wannan gwajin da sassafe ake yin sa, motar ta kwana ba a tayar ba. Shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar.

Duba ECT, zafin ruwan inji, da IAT, zafin iskar da ke shiga. Motar da ta kwana, ruwanta da iskarta da garin duk zafinsu ɗaya ne, don haka lambobin biyu su kasance kusa da juna, bambancin bai wuce digiri biyu ko uku ba. Idan safiyar hunturu ce IAT ta ce 16 amma ECT ta ce 45, ɗayarsu na ƙarya, kuma ka san wadda ce tunda kai ma kana jin sanyin. Idan ka ga -40, waya ce ta tsinke ko soket ya zare. Haka ƙwaƙwalwa ke fassara layin da ya yanke. Motar da ta ɗauka ana irin wannan sanyin za ta yi ta ɗura mai kamar ba gobe.

Idan motar tana da MAP, sensar matsin iska a cikin manifol, yanzu ya kamata ta nuna matsin iskar garin da kake, tunda inji ba ya zuƙar komai. A Legas, bakin teku, kusan 100 zuwa 101 kPa. A Kano, da ke sama da teku da wajen mita 480, za ka ga 95 ko 96. A Jos kuwa, saman tsauni, 87 ko 88 ba laifi ba ne. Abin da ba daidai ba shi ne ka ga 60 ko 120.

MAF, sensar da ke auna iskar da inji ke zuƙa, wadda aka fi sani da eyafulo, ta tsaya a sifili ko dab da shi. Sai totur: kalli TPS, sensar da ke nuna yadda totur ya buɗe, ka taka a hankali har ƙasa, ka sake a hankali. Lambar ta hau santsi, ta sauko santsi. Idan ta yi tsalle ko ta faɗi sifili a tsakiyar hanya, a nan fizgar da direba ke kuka da ita take. A motocin da toturinsu na lantarki ne, ganin 12% ko 16% ƙafa ba ta kan feda ba matsala ba ce, haka aka yi su.

Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Idan yana ƙasa da 12, fara da shi, don ƙarancin wuta na sa sensoci su yi ta surutun banza.

Mataki na uku: tayar da ita, ka zuba ido tana ɗumi

Giya a fakin, birkin hannu a ja, esi da fitilu a kashe, kuma a fili, ba cikin rufaffen gareji ba, hayaƙin salansa na kisa. Zaɓi ECT, RPM (juyin inji a minti), wutar batir, da layin Fuel System Status.

Wutar ta haura zuwa 13.5 ko 14.5, alamar altaneta na caji. Wasu sababbin motoci da wasu Honda suna rage cajin da gangan idan batir ya cika, sai ka kunna fitila ka ga ko zai ɗaga. Silo zai fara da sama, 1,200 ko fiye, ya riƙa sauka har ya zauna tsakanin 600 da 800.

Zafin ruwa ya riƙa hawa daki-daki ba tare da tsalle ba, ya zauna wajen 85 zuwa 95, fanka ta kama a kusa da 95 zuwa 100 gwargwadon motar, ta sauke shi kaɗan, ta tsaya. A nan zan ɗan tsaya, don a nan muke da wata al'ada. Mota na shigowa, sai a cire mata tamostat, bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya yi ɗumi, a ɗaure fanka kai-tsaye, wai ƙasarmu da zafi. To ga abin da na'ura za ta nuna maka a irin wannan motar: a kan babban titi zafin ruwa zai riƙa yawo a 60 zuwa 70. Ƙwaƙwalwa za ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba, ta ci gaba da ba shi man da ake ba inji mai sanyi. Wani lokaci ta kunna P0128, lambar injin da bai kai zafin da ya kamata ba, wani lokaci ta yi shiru, aljihunka ne kawai zai ji. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tamostat na Toyota da yawa a digiri 82 yake fara buɗewa, zafin Afrilu a Sakkwato bai ko kusanci abin da inji ke so ya yi aiki a kai ba. Motar da ke zafi da tamostat a ciki, a duba lagireto da fanka da famfon ruwa.

Layin Fuel System Status zai fara da OL, daga baya ya koma CL. OL na nufin ƙwaƙwalwa na zuba mai da ƙiyasi, ba ta sauraron sensar salansa. CL na nufin ta fara saurare tana gyara. A mota mai lafiya hakan na faruwa cikin minti ɗaya zuwa 'yan mintoci. Idan inji ya yi ɗumi har yanzu tana OL, nemi dalili kafin ka wuce, domin duk lambobin mataki na gaba ba su da ma'ana sai a CL.

Mataki na huɗu: lissafin mai, inda gizo ke saƙa

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Eyafulo ta auna iskar da ta shiga, ƙwaƙwalwa ta lissafa man da ya dace, nozul ya fesa, a ƙona, sannan sensar salansa ta ɗanɗani hayaƙin ta ce ya yi ko bai yi ba. Gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi bayan wannan rahoton shi ne STFT da LTFT.

Ka ɗauki mai shayi. Ya zuba maka siga cokali biyu kamar yadda ya saba, ka kurɓa ka ce bai ji ba, ya ƙara rabin cokali. Wannan ƙarin na nan-take shi ne STFT, kullum yana rawa sama da ƙasa. Idan kullum ka zo sai ka ce a ƙara, bayan mako guda zai fara zuba maka biyu da rabi tun kafin ka yi magana. Wannan sabon da ya yi da kai shi ne LTFT, a hankali yake sauyawa kuma ba ya mantuwa idan an kashe mota.

Lamba mai alamar tarawa, kamar +12%, ƙwaƙwalwa na ƙara mai ne saboda ta ga bai isa ba. Mai alamar ɗebewa, kamar -12%, tana ragewa saboda ya yi yawa. Ka riƙa haɗa biyun: STFT +3 da LTFT +9 jimla +12 ke nan. Jimlar da ba ta wuce 5 sama ko ƙasa ba lafiya lau. Zuwa 10 ana iya haƙuri. Ta wuce 10, ruwa ba ya tsami banza. Idan ta yi nisa sosai ne ƙwaƙwalwa ke kunna P0171 na ƙarancin mai ko P0172 na yawansa.

Lamba ɗaya ba ta isa hukunci ba, sai an gwama. Rubuta jimlar a silo. Taka totur ka riƙe a 2,500 na kamar rabin minti, ka sake rubutawa. Bambancin waɗannan biyun ne zai nuna maka hanya.

A Corolla ɗin yayana, silo ya ba ni LTFT +19, STFT na ƙara wasu 4 a kai. Da na riƙe ta a 2,500, jimlar ta faɗo +5. Wannan hoton iskar sata ne. A silo, totur a rufe yake, iskar da inji ke zuƙa kaɗan ce, don haka 'yar ɓarakar da ke shigo da iskar da eyafulo ba ta ƙirga ba tana da girma a lissafi. Da inji ya buɗe baki, iskar satar ta zama ɗigo a cikin randa. Na bi baƙin tiyon da ya taso daga eyafulo zuwa totur ina lanƙwasa shi da hannu, sai ga tsaga a ƙasan ƙugunsa, inda ido ba ya kaiwa, yatsa na shiga. Sensocin salansa biyu da aka cire lafiyarsu ƙalau. Gaskiya suka faɗa, aka bar jaki aka daki taiki.

Idan ba ka ga tsagar da ido ba, sauran wuraren da ake nema su ne tiyon da ke zuwa tukunyar birki, ƙaramin tiyon PCV da ke saman inji, da gasket ɗin manifol, wanda aka san Corolla mai injin 1ZZ da shi, musamman da sanyin safiya. Makanikai kan fesa man wanke kafireto kaɗan-kaɗan a wuraren da ake zargi suna kallon STFT. Inda aka fesa lambar ta faɗi ƙasa nan take, nan ne ramin. Dabarar na aiki, amma abin yana kama wuta, kada ka kusanci salansa ko kwayil da shi, kuma abin kashe gobara ya kasance a kusa.

Idan akasin haka ka gani, silo lafiya amma lambar na hawa yayin da inji ke ƙara aiki, to man ne ba ya isowa: famfon mai ya gaji, matatar mai ta toshe, ko nozul ya cushe. Wanda ya saba shan man bumburutu ya fara zargin nan. Eyafulo mai datti ma tana ba da wannan hoton, za mu zo kanta. Kafin ka sayi famfo, a sa agogon awon matsin mai, don yawancin motocin nan na'ura ba ta ganin matsin mai.

Idan lambar tana ƙasa sosai, -15 ko -20, mai ne ke shiga ta bayan gida: nozul mai ɗiga, matsin mai da ya yi yawa, bawul ɗin tururin tanki da ya maƙale a buɗe, ko baƙin mai da fetur ya gauraye da shi. Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina.

Mai injin V6, kamar wasu Camry da Sienna da Highlander, yana da sauƙi guda. Injin na da ɓangare biyu, Bank 1 shi ne inda silinda ta ɗaya take, Bank 2 ɗayan. Idan dukansu sun karkata tare, laifin na abin da suka yi tarayya a kai ne, eyafulo ko famfo ko babban tiyo. Idan ɗaya ne kawai, ka manta da waɗannan, ka nemi abin da ya keɓanta da wannan gefen.

Abubuwa biyu kan yaudari mutum a nan. Salansa mai huji kafin sensa tana zuƙo iskar waje, sensa ta ce mai ya yi kaɗan alhali bai yi ba. Haka silindar da ba ta ƙona mai ba, tana tura iskar da ba ta ci wuta ba zuwa salansa, sensa kuma iska take gani, ba ta ganin fetur. Sai ka ga lamba na cewa a ƙara mai, hanci kuma na jin warin ɗanyen fetur. In ka ga haka, koma kan fulogi da kwayil.

Mataki na biyar: ita kanta sensar salansa

B1S1 ita ce ta gaba, kafin matatar hayaƙi da makanikai ke kira indomi. B1S2 ta baya ce. Iri biyu ne na gaba, kuma rashin bambance su ya jawo asarar kuɗi mai yawa.

Tsohon samfuri yana lilo tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt. Ƙasa ƙarancin mai, sama yawansa. Riƙe inji a 2,000 zuwa 2,500, ya kamata ka ga tana hawa da sauka sau da dama cikin daƙiƙa goma. Ka ba totur wuta ɗaya ka saki: ta harba sama da 0.8, sannan ta faɗo ƙasa da 0.2. Wadda ta amsa wannan gwajin da rai take. Wadda ta kwanta a 0.45 ba ta motsi, ko take jan jiki kamar hawainiya, ita ce abin zargi, bayan ka duba wayarta da fis ɗin hitarta.

Sabon samfuri, wanda ake rubuta wa A/F, ba ya lilo. A Toyota za ka gan shi zaune kusa da 3.3, kuma lissafinsa a juye yake: ka taka totur ya sauka ƙasa da 3, ka saki ya haura wajen 3.8 ko fiye. Wasu ƙananan na'urori suna nuna shi a 0.66. Wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu tunda ba ta rawa. Idan na'urarka na da layin Lambda ko EQ Ratio, shi ya fi sauƙi: 1.00 daidai, sama da haka mai ya yi kaɗan, ƙasa ya yi yawa.

Ta baya aikinta gadin indomi. Idan indomin na aiki, za ta zauna a natse wajen 0.6 zuwa 0.7 idan inji ya yi ɗumi. Idan tana tsalle sama da ƙasa da sauri, indomin ya mutu, ko kuma wani ya riga ya fasa ya kwashe ya sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. P0420 ke nan, kuma sabuwar sensa ba za ta mayar da abin da aka kwashe ba.

Mataki na shida: eyafulo da fita titi

Inji mai lita 1.8 da ya yi ɗumi, esi a kashe, yana zuƙar wajen giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa a silo. Mai 2.4 ya ɗan ɗara haka. Hanya mafi inganci ita ce ka gwada wata mota irinta mai lafiya ka rubuta nata a littafi. Makaniken da ke tara irin wannan littafin ya fi mai tsadaddiyar na'ura. A motar MAP, silo mai kyau na nuna 25 zuwa 40 kPa.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar eyafulo. Siririyar waya ce mai zafi a cikinta, iska na sanyaya ta, daga nan ake lissafi. Ƙura ta lulluɓe ta, sai ta daina jin iskar sosai. Alamarta a na'ura: a silo lissafin mai daidai ko ɗan ƙasa, a kan gudu kuma ya haura sama. A wanke ta da man feshin da aka yi dominta, kada a taɓa wayar da hannu ko tsumma, a bar ta ta bushe. Kuma a duba matatar iska, don idan ta yage ko murfinta bai zauna ba, wata guda ka dawo gidan jiya.

Gwajin titi mutum biyu ke yin sa, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da na'ura, ko ka danna Record ka duba bayan ka tsaya. Zaɓi RPM, MAF, Load, STFT, LTFT da sensar gaba. A titin da babu jama'a, daga ƙaramin gudu, a taka totur har ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi. Load, wato nauyin aikin da inji ke ɗauka, ya kamata ya kusanci 90% ko ya wuce. Fuel System Status zai koma OL, wannan daidai ne, kuma sensa mai lilo ta tsaya sama da 0.8. Idan ta faɗo ƙasa ƙafa na kan totur, inji na jin yunwar mai, saki totur. Idan Load ya maƙale a 65 ko 70, motar na nishi ba ta tafiya, ko dai eyafulo ba ta ƙirga daidai, ko inji ba ya numfashi saboda matatar iska ko indomin da ya narke ya toshe salansa.

Inji mai kakkarwa kuwa, nemi layin Misfire na kowace silinda, mai ƙirga sau nawa ta kasa ƙona mai. A ƙananan na'urori yakan ɓuya a shafin Mode 06 idan motar ta 2008 ce zuwa sama. Idan silinda ta 3 ce ke ƙirga, sauya kwayil ɗinta da na ta 1 ka sake kallo. Ƙirgar ta bi kwayil, ka kama ɓarawo. Ta tsaya a 3, saura fulogi, nozul, ko matsin silindar. Fitilar cek injin mai ƙiftawa tana nufin ɗanyen mai na ƙona indomi a lokacin, ba a ci gaba da tafiya a haka.

Bayan gyara

Kafin ka goge, sake kallon lambobin da suka kai ka ga laifin. Da muka sa wa Corolla sabon tiyo muka tayar, LTFT na nan a +19 don bai manta ba, amma STFT ya faɗa -15 yana janye ƙarin da yanzu ba a buƙata. Wannan ne ya tabbatar min gyaran ya kama, tun kafin a je ko'ina. Sai na goge, muka zaga gari, jimlar ta zauna a +2.

Gogewa na mayar da gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta zuwa farko. Za ka gan su a shafin I/M Readiness an rubuta ba su kammala ba, kuma sai an yi tafiye-tafiye na 'yan kwanaki, cikin gari da babban titi, kafin su cika. Wannan shafin zai yi maka rana idan ka je sayen mota. Dillali zai nuna maka dashbod tas babu fitila. Soka na'urarka, ka duba I/M Readiness, sannan ka nemi layin da ke ƙirga kilomitar da aka yi tun gogewar ƙarshe. Idan ka ga kilomita 6, gwajin indomi da na sensa duk ba su kammala ba, to da safen nan aka goge. Ka ce masa, "Alhaji, mu ɗan zaga da ita tukuna," ka bar na'urar a soke, idonka a kan LTFT da sensar baya.